Yawun Aro

Mai Tabarau ya riga ya tayar da bas, ya sa giyar baya yana leƙen madubi, sai mai rajistar motoci ya zo ya ƙwanƙwasa masa gilashi da gindin biro.

"Kashe ta. Sista na nemanka a ɗakin magani."

"Ni? Yanzu? Layina ne fa."

"An ba wani layin. Ta ce kada ka fita sai kun gana."

Direbobin da ke zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano suka ɗago kai gaba ɗaya. Wani ya ce, "Shi ke nan, asiri ya tonu," aka yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, don kusan kowa a bencin nan ya san abin da shi kansa ya aikata.

Mako biyu da suka wuce ne wasu mutane suka zo daga babban asibiti da kwalaye, aka tara ma'aikata a filin gareji, wata likita ta yi bayani da lasifika mai shaƙewa. Injin wankin mota na ruri, motoci na shiga suna fita, ba wanda ya ji rabin abin da ta ce. Abin da aka tsinta dai shi ne kowa zai tafi gida da 'yar kwalbar roba, da safe kafin ya ci ko ya sha ko ya goge baki ya tofa yawu har ya kai jan layi, ya rufe, ya dawo da ita. Likitar na juya baya, Kawu, wanda ya fi kowa daɗewa a kan sitiyari, ya yi musu nasa bayanin.

"Gwajin ƙwaya ne, kada a ruɗe ku. Bara da fitsari suka zo, mutum huɗu suka tafi gida. Bana sun canza dabara. Kamfanin da ya kasa canza mana taya ne zai damu da lafiyar cikinku?"

Shi Mai Tabarau a ganinsa ba ɗan ƙwaya ba ne. 'Yar farar ƙwaya guda ɗaya yake korawa da shayi ranar da zai haɗa aikin safe da na yamma, don kada gyangyaɗi ya kwashe shi da mutum sittin a bayansa. Ita ke ja masa ido, dalilin baƙin tabaran ke nan, dalilin sunan ke nan. Amma kwalba ba ta san uzuri ba. Don haka washegari da sassafe ya miƙa wa matarsa kwalin.

"Maman yara, taimaka min da yawu."

"Yawu kuma? Duk abin da ke gidan nan ka rasa abin aro sai yawu?"

Ya yi mata bayanin Kawu a tsaitsaye yana neman takalminsa ƙafa ɗaya. Ta buɗe kwalin, ta zaro wata takarda da aka ninke a ciki, ta daɗe tana dubawa, har ya ce mata ba jarrabawa ba ce. Sannan ta juya masa baya ta cika kwalbar har jan layin, ta rufe da kyau, ta goge da bakin zane. Tun daga ranar kuwa ba ya dawowa gida ba ta tambaye shi ko sakamako ya fito ba. Shi kuma yakan ce ta kwantar da hankalinta, aikinsa na nan, ai yawunta ya fi ruwan famfo tsabta.

Ɗakin maganin wani tsagi ne da aka yanka daga ofishin manaja da katako. Gado ɗaya, sikeli, tebur, kujeru biyu, fanka mai juyawa da ƙyar. A bango an manna dokokin kamfani, ta bakwai da jan rubutu: duk wanda ya yi maguɗi a gwajin lafiya, kora ce ba gargaɗi. Ta bayan katakon ana jin manaja yana waya, har tarinsa ana ji.

Sista mace ce mai ƙiba da sanyin murya, ba ta sauri ko gobara ake yi. Ta nuna masa kujera, ta ce ya cire tabaran. Ya cire, ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa.

"Ka san gwajin me aka yi muku?"

"To, an dai ce gwaji ne."

"Ba ka karanta takardar cikin kwalin ba ke nan. Ku direbobi! Alamar hanya kaɗai kuke karantawa, ita ma sai kun ga dama." Ta jawo wani fayil. "Ba ruwan gwajin nan da abin da mutum ke sha. Asibiti ne ke gwada wata sabuwar hanya, ko za a iya gano alamun ciwon daji na maƙogwaro da ciki da hanji daga yawu, tun kafin ciwon ya kwantar da mutum. Naka ya nuna alama."

Abu na farko da ya ji, Allah ya sani, sauƙi ne. Ba ƙwaya ba ce, aikinsa na nan. Sauƙin bai kai numfashi biyu ba ya tuna bakin da yawun ya fito.

"Kada ka tashi hankalinka tukuna," in ji Sista, ganin yadda fuskarsa ta canza. "Alama ce, ba hukunci ba. Gwajin sabo ne, yakan yi kuskure. Shi ya sa za a saka maka wata siririyar na'ura mai kyamara ta baki a leƙa ciki a tabbatar. Bari in yi maka wasu tambayoyi. Abinci na tsaya maka a ƙirji in ka haɗiya?"

"A'a."

Ya tuna kofin ruwan da matarsa take ajiyewa kusa da farantinta. Loma ɗaya, kurɓi ɗaya, loma ɗaya, kurɓi ɗaya. Har ya taɓa tsokanarta cewa ita kifi ce.

"Kana saurin ƙoshi? Ka ci kaɗan ka ji ciki ya cika?"

"A'a."

Ta daɗe da daina ci tare da shi. Takan ce ta ci da yara, yara kuwa ba wanda ya taɓa tambayarsu.

"Ƙwannafi? Amai bayan cin abinci?"

"Babu."

Kwalaben farin maganin ƙwannafi uku ne a kan tagar ɗakinsu, biyu ba komai a ciki. Ya sha ture su yana neman makullin mota.

"Rama fa? Kayanka sun yi maka yawa?"

Nan ya ɗan yi jinkiri, don wannan bai gani ba. Kayanta daidai suke da ita kullum. Ya riƙe wannan da hannu biyu.

"A'a, Sista."

Ta sa shi ya hau sikeli. Allurar ta yi tsalle ta tsaya a casa'in da biyu. Sista ta dubi allurar, ta dubi tumbinsa, ta dubi takardar, ta ce, "To, madalla." Ta rubuta wata 'yar takarda ta buga mata hatimi.

"Alhamis, ƙarfe takwas na safe, babban asibiti, hawa na biyu. Kada ka ci komai, kuma ka zo da wanda zai raka ka gida. Kada ka yi wasa da ranar nan. Masu binciken ne suka ware ta don waɗanda sunansu ke cikin gwajin. Wanda ya bi layin kowa da kowa, sai ya yi wata huɗu bai ga na'urar nan ba."

Wannan ya sani. Wani maƙwabcinsu mai gyaran rediyo an ba shi rana, ranar ta zo ta tarar an yi sadakar bakwai.

"Sista," ya ce, "idan misali..."

Manaja ya yi tari ta bayan katako, ya ja kujera. Mai Tabarau ya dubi doka ta bakwai.

"Idan misali me?"

"Idan misali ranar ina da aiki."

"Ni zan nema maka izini. Ba sai an san dalili ba."

Ya mayar da tabaransa, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya yi godiya ya fita.

Kawu na jiransa a bayan tankin mai, yana sakace da tsinken ashana. Ya ja shi gefe.

"Yaya? Sun gano?"

Mai Tabarau ya faɗa masa komai, har da mai yawun. Kawu ya cire tsinken daga bakinsa ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma da gaske yake. Sannan ya waiwaya ya rage murya.

"To ka ji, ɗana. Ranar Alhamis ka je ka haɗiye musu kyamararsu. Za su leƙa su ga ba komai sai shayi da burodi, su ce injinsu ya yi kuskure, a rufe magana. Ita kuma ka kai ta asibiti a hankali, ta ƙofar da kowa ke bi."

"Wata huɗu, Kawu."

"Allah ke da rai. Ka san mutum nawa ne a bencin can suka kawo yawun da ba nasu ba? Ni kaina na surukina na kawo. Akwai wanda ya kawo na mai shagon unguwarsu. In ka buɗe baki za a ce kowa ya sake a gabansu, daga nan a tambayi dalilin da ya sa muka ɓoye. Ba kai kaɗai za ka tafi gida ba. Shekara ɗaya ta rage min in ajiye aiki da mutuncina."

"Kai ka ce mana gwajin ƙwaya ne."

"Na faɗa. To ni malamin asibiti ne?" Kawu ya mayar da tsinken baki. "Ka yi tunanin yaranka. Mara lafiya a gida, miji ba aiki, wa ka taimaka?"

Maganar ba ta banza ba ce, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. An ba shi layin ƙarfe goma sha ɗaya, ya fita da mota cike. Ya yi tuƙi yadda ya saba, hannu ya san giya, ƙafa ta san birki. A tasha ta uku wata tsohuwa ta hau tana tauna wani abu, ya tsinci kansa yana kallon maƙogwaronta ta madubi har na baya suka yi masa hon. Tasha ta shida ya wuce ta ɗungurungum, fasinjoji suka yi ta dukan jikin mota suna tambayar ko kurma aka ba su yau. Da ya kai ƙarshen layi ya dawo gareji, ya ajiye makulli a teburin mai rajista ya ce cikinsa ke ciwo. Mai rajista ya dube shi da tausayi, don labari ya riga ya zaga cewa Sista ta ba shi takarda.

Rabonsa da ganin gidansa da tsakar rana har ya manta. Unguwar shiru, yara duk suna makaranta, sai ƙarar keken ɗinkinta da ke fitowa ta taga, ta yi gudu ta tsaya, ta yi gudu ta tsaya. Ɗinki take yi wa matan unguwa a falo, tun kafin su yi aure sana'arta ke nan. Ya tura ƙofa ba sallama.

Tana zaune a kan keke, tef ɗin awo rataye a wuyanta, allurai biyu a leɓenta. A kan ɗan tebur kusa da ita farantin shinkafa ne da aka ɗan taɓa gefensa, da kofin ruwa. Rigar da ke ƙarƙashin allurar kuwa ya san ta, shuɗiya mai fararen furanni, shi ya sayo mata yadin. An juya ta ciki waje. A gefenta ya ga layin ɗinki uku a jere, kowanne ya fi na baya shigowa ciki, tana kan na huɗu.

"Lafiya, Baban yara? Mota ta lalace?"

"Rigar wa kike ragewa?"

Ta cire alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a matashin allura.

"Ka san rigar ai."

Ya zauna a hannun kujera. Yanzu da yake dubawa, ga ƙashin wuya nan, ga zoben da ya koma babban yatsa. Ya zaro takardar daga aljihu. Duk hanya yana shirya yadda zai faɗa, zai fara da cewa gwajin sabo ne, yakan yi kuskure. Bai kai ga buɗe baki ba ta miƙo hannu.

"Ya fito ke nan."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta shimfiɗa takardar a kan keken ta danne da almakashi. Ba ta yi kuka ba. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya daɗe a tsaye ya samu wurin zama.

"Alhamis," ta ce. "Da sauƙi, jibi ne."

"Maman yara, ba ki gane ba. Ba gwajin ƙwaya ba ne, gwajin..."

"Na sani. Kai ne ka ce na ƙwaya ne. Ni na karanta takardar."

Ta jawo aljihun keken, inda take ajiye maɓallai da zare, ta fito da takardar cikin kwalin, ta yi laushi saboda buɗewa da ninkewa. An ja layi da allin ɗinki ƙarƙashin wasu jimloli.

"Kin sani tun ranar?"

"Tun ranar. Ina karantawa na ga kamar ni suka zauna suka kwatanta. Na ce to, ga asibiti ya biyo ni har ɗaki, in ƙi?"

"Ki bar ni ina ta murna na yi wa kamfani wayo?"

"Kana neman takalminka. Kuma da na faɗa, da ka karɓe kwalbarka ka tofa naka."

"Tun yaushe abin ya fara?"

"Ya kai wata biyar."

"Wata biyar! Ba za ki faɗa min ba?"

"Na fara faɗa maka sau biyu. Na farko ka ce ƙwannafi ne, ka sayo min magani. Na biyu ka yi barci a kujerar nan da takalmi a ƙafarka." Ba da faɗa ta faɗa ba, yadda take gaya wa mai ɗinki yadi bai isa ba haka ta faɗa. "Kuma tsoro nake ji, in gaya maka gaskiya. Har yanzu ma ina ji."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya goge motar manaja da bas. Ya gaya mata doka ta bakwai, ya gaya mata maganar Kawu da mutanen benci. Ta saurara tana warware zare daga yatsa.

"Wannan ma na yi tunaninsa," ta ce. "Ka ce musu ni na ɗauki kwalbar na tofa kana banɗaki, ba ka sani ba. Mace ce, jahilci ne. Ba mai korarka a kan haka, ba mai taɓa su Kawu."

Dabarar ta yi, ba inda take yoyo. Ya zauna yana juya ta. Ya dubi layukan ɗinki huɗun nan, kowanne an yi shi tsaf don kada ya gani, ga shi tana miƙo masa na biyar.

"Sa mayafinki," ya ce.

"Me za ka ce musu?"

"Sa mayafinki dai."

Ƙarfe uku da rabi suka shiga ƙofar gareji, lokacin canjin aiki, bencin cike. Hira ta tsaya. Kawu ya miƙe kamar zai yi magana, ya ga matar, ya ga yadda mayafin ke lilo a kafaɗarta, ya gaishe ta da ladabi ya koma ya zauna. Mai Tabarau bai dubi kowa ba.

Sista na haɗa jakarta za ta tashi. Ta dube shi, ta dubi matar tun daga sama har ƙasa, ta ajiye jakar. Ta bayan katako manaja na nan, ana jin yana motsa cokali a kofi.

Mai Tabarau ya cire tabaran da kansa ya ajiye a tebur. Bai rage murya ba.

"Sista, yawun nan ba nawa ba ne. Na iyalina ne. Ni na ba ta kwalbar, don ina tsoron a ga abin da nake sha."

Cokalin ya daina motsi.

Sista ta zagayo teburin. Ta jawo wa matar kujera, ta sa ta hau sikeli tukuna, ta rubuta abin da ta gani. Ta sake yin tambayoyin safe ɗaya bayan ɗaya, wannan karon amsar kowacce "e" ce. Ta ɗaga waya ta kira babban asibiti, ta yi magana a hankali, ta jira, ta sake magana. Sannan ta karɓi takardar Alhamis ta soke sunan da ke kai da layi ɗaya, ta rubuta wani a samansa, ta buga hatimi.

"Ranar na nan," ta ce wa matar. "Kada ki ci komai. Shi zai raka ki, ina jin zai samu lokaci."

Aka ƙwanƙwasa katakon sau biyu. Muryar manaja ta ce in direban ya gama ya biyo ta ofis.

"Bai gama ba," in ji Sista.

Ta buɗe kabad ta ɗauko sabon kwali, ta fasa, ta ajiye 'yar kwalbar a gabansa.

"Ka ci wani abu tun safe?"

"Ban ci ba."

"To bismilla. Wannan a gabana, har jan layi."

Ya ɗauki kwalbar ya kai bakinsa. Ya motsa harshe, ya haɗiya, ya sake gwadawa. Bakin ya bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Matarsa ta ninke takardarta ta sa a jaka, ta gyara zama a kujera.

"Yi a hankali," ta ce. "Ni ma ranar sai da na daɗe."